Kyamara a jelar jirgin sama: yadda masu haɗa jirgi a gida ke ɗaura ta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta a natse.

Tambayar yau wani mai sauraronmu ne ya turo ta, ɗalibi a Zariya. Ya haɗo da wani gajeren bidiyo na wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu yana shawagi a kan gonaki. Ana ganin jirgin gaba ɗayansa ta baya, fukafukansa biyu, kan matuƙin cikin gilashi, farfela tana juyawa a can gaba, sak irin yadda ake ganin mota a wasan gem. Sai ya ce min: "Yaya, don Allah wa ke ɗaukar wannan? Wani jirgin ne ke bin sa a baya?"

To ƙanina, babu kowa a bayansa. Kyamara ce 'yar ƙarama, irin su GoPro, aka ɗaure a saman jelar jirgin tana kallon gaba. Amsar kenan a taƙaice. Amma da na zauna zan rubuto maka ita sai na ga ashe maganar tana da tsawo, don wannan wurin da ya fi ko'ina ba da hoto mai kyau, shi ne kuma wurin da jirgi ya fi ƙin a taɓa masa.

Bari mu fara da jirgin kansa, don na san wasu za su ce wai haɗa jirgi a gida kuma? E, ana yi, kuma bisa doka. A Amurka akwai rukunin jirage da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, take yi wa rajista a matsayin na gwaji waɗanda 'yan sa-kai suka haɗa. Sharaɗin shi ne mutum ya yi mafi yawan aikin da hannunsa, abin da suke kira dokar kashi 51, kuma ya zama don neman ilimi ko nishaɗi ya yi. Mafi yawansu ba daga zane suke farawa ba. Kamfani ne ke aiko musu da kayan a manyan akwatunan katako, gutsattsarin alminiyam an yanka an huda, su kuma su shiga garejin mota su yi ta buga ribit dubu bisa dubu, wani shekara uku, wani har goma. Kamfanin da ya fi shahara a wannan harka shi ne Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa. Jiragensa ana kiran su RV, kuma fiye da 10,000 daga cikinsu an gama haɗa su sun tashi. Suna da ƙungiya mai suna EAA wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, kuma duk shekara a ƙarshen watan Yuli suna taruwa a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, inda jirage sama da dubu goma ke sauka.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: irin wannan jirgin ya zo har Kaduna. Jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Najeriya da ake kira Air Beetle, daga samfurin RV-6A na wannan kamfanin aka samo shi, kuma a Kaduna aka haɗa su, guda 60. Kun ga ashe ba wani baƙon abu ba ne can nesa.

To me ya sa masu waɗannan jirage ne suka fi yawan irin wannan bidiyon? Saboda su doka ta fi sakar wa mara. Jirgin da kamfani ya ƙera aka ba shi takardar shaida, ko huda ɗaya za a yi a jikinsa sai makanike mai lasisi ya duba ya sa hannu. Wanda kuwa ya haɗa nasa, shi ne maƙerin, yana da damar ya sauya abubuwa da yawa da kansa. Sai dai wannan 'yancin yana zuwa da nauyinsa, don idan ya yi kuskure babu injiniyan kamfani a bayansa da zai kama masa shi kafin ya tashi.

Yanzu ku zana jelar jirgi a zuciyarku. Akwai fiffike ɗaya da ke tsaye, akwai kuma biyu a kwance, dama da hagu. Kowannensu kashi biyu ne. Na gaban a kafe yake, ba ya motsi. Na bayan kuma yana rataye a kan hinji kamar ƙyauren ɗaki. Ƙyauren da ke tsaye, matuƙi da ƙafa yake sarrafa shi, shi ke juya hancin jirgi dama ko hagu. Ƙyauren da ke kwance, da sandar hannu ake sarrafa shi, shi ke ɗaga hancin sama ko ya sunkuyar da shi. Ku riƙe wannan bambancin na ɓangare mai motsi da wanda ba ya motsi, don kusan duk shirin yau a kansa yake.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce ta nauyi. Jirgi kamar sikeli yake, yana da wani wuri a tsakiya inda nauyinsa ya daidaitu, kuma abin da ka ɗora nesa da wurin ya fi tasiri a kan wanda ka ɗora kusa. Mu yi lissafi. RV-7 idan an cika shi yana kai kilo 800 da ɗoriya. Kyamara da mariƙinta mu ce giram 250. Daga tsakiyar nauyi zuwa jela mu ce mita 4. Rubu'in kilo sau 4 ya ba mu 1, a raba da 800, sai ka ga tsakiyar nauyin ta ja baya da milimita ɗaya da ɗan kai. Alhali tazarar da aka yarda tsakiyar ta yi yawo a cikinta a irin wannan jirgi ta kai wajen santimita 20. Ni kaina da na yi lissafin na yi mamakin ƙanƙantarsa. Saboda haka da ƙaramar kyamara, wannan ba ita ce matsalar ba, sai fa in dama an loda kaya a baya har an kai bakin iyaka, ko kuma mutum ya ɗauko wata babbar kyamara mai kilo biyu. Duk da haka mai hankali yana rubuta ƙarin a takardar nauyin jirginsa.

Iska ta fi nauyi ƙarfi a nan. Wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a hanyar Kano zuwa Zariya ya san yadda iska ke ture tafin hannu a gudun kilomita 100. To ƙarfin nan ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu shi sau huɗu zai ninku, in ka ninka sau uku ya zama sau tara. Waɗannan jiragen suna tafiyar kilomita 300 a awa cikin sauƙi. Fuskar kyamarar ba ta wuce santimita 7 da 5 ba, amma a wannan gudun iska na tura ta da ƙarfin da ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Za ka ce ai ba yawa. To ka tuna tura ce da ba ta tsayawa, awa ɗaya, awa biyu, tana zuwa da girgiza, kuma in an ɗora kyamarar a kan sanda, tsawon sandar yana ninka ƙarfin da ke murɗa gindinta, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajeriya ta kasa. Sannan in matuƙin mai wasan wuntsila gudidi ne a sama, jirgin RV-7 an yi shi ya ɗauki nauyi har ninki shida, a lokacin kyamarar giram 250 ta koma kilo ɗaya da rabi a kan mariƙinta.

Af, tunda na ambaci sanda, ga amsar wani ɓangare na tambayarka. Bidiyon da za ka ga kamar kyamarar tana shawagi ita kaɗai a iska, ba ka ganin abin da ya riƙe ta, yawanci kyamara ce mai ido biyu gaba da baya, irin su Insta360. Kowane ido yana ɗaukar rabin duniya, manhaja ta ɗinke su, sandar kuma ta faɗa daidai kan ɗinkin sai ta ɓace. Kyau kam akwai kyau. Amma sanda mai tsawon hannu a saman jela, ni dai in jirgina ne sai na yi dogon tunani.

To yanzu mun zo inda nake so mu daɗe. Akwai wani abu da Turawa ke kira filota, ni kuma zan kira shi makyarkyata. Kun taɓa ganin kwanon rufi da ƙusarsa ta saki, iskar damina ta taso, ya kama kaɗawa da sauri yana ƙara har ya yage? Ko tutar da ke jikin mota tana gudu? To haka ke iya faruwa da fiffike ko ƙyauren jirgi. Iska ta ɗan lanƙwasa shi, shi kuma da yake yana da tauri ya dawo, ya wuce inda yake, iskar ta sake kama shi ta ɗaya gefen. A ƙaramin gudu kaɗawar tana mutuwa da kanta. Amma akwai wani gudu da in aka kai, kowace kaɗawa tana zuƙar ƙarfi daga iska fiye da wanda jikin jirgin ke iya shanyewa, sai ta biyu ta fi ta farko, ta uku ta fi ta biyu. Abin ba ya ba da sanarwa sosai. Cikin daƙiƙu kaɗan ƙyaure na iya ɓallewa.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne daidaita nauyin ƙyauren a kan hinjinsa. Tunda kusan duk jikin ƙyauren a bayan hinji yake, sai a miƙo wani ɗan hannu zuwa gaban hinjin a cusa masa dalma, yadda in fiffike ya yi tsalle sama, ƙyauren ba zai makara a baya ya lilo ba, tare za su tafi. In kun kalli jelar RV da kyau za ku ga wannan hannun a ƙarshen ƙyauren. Daidaiton nan yana da tsanani har ta kai a jirage da yawa, in aka sake wa ƙyaure fenti kawai, sai an cire shi an sake auna shi, saboda nauyin fentin.

Fenti fa na ce. To yanzu ka ɗauko kyamara mai giram 150 ka manna ta santimita 30 a bayan hinji. In dalmar tana santimita 15 a gaban hinjin, sai ka ƙara giram 300 na dalma kafin ka mayar da daidaiton inda yake. In ba ka ƙara ba, ka sauko da gudun da makyarkyata za ta fara, kuma ba ka san inda ka sauko da shi ba. Watakila yana nan sama da iyakar gudun jirgin. Watakila kuma ya dawo daidai gudun da kake yi in ka sunkuyo za ka sauka. Shi ya sa doka ta farko a wajen duk wanda ya san abin da yake yi ita ce, ba a ɗora komai a ɓangaren da ke motsi. Ko kaɗan.

Don ku san maganar ba ta takarda ba ce kawai, ranar 16 ga Satumba 2011, a gasar tseren jirage ta garin Reno a jihar Nevada, wani jirgin yaƙin duniya na biyu samfurin P-51 da aka yi wa gyare-gyare, mai suna Galloping Ghost, ya faɗa kusa da 'yan kallo. Mutum 11 suka rasu har da matuƙin, Jimmy Leeward, fiye da 60 suka ji rauni. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano cewa notukan da ke riƙe wani ɗan ƙaramin marfi a bayan ƙyauren kwance sun tsufa sun saki, marfin ya samu wasa, makyarkyata ta shiga, sandar da ke riƙe shi ta karye. Jirgin ya ɗaga hanci da ƙarfin da ya kai ninki 17 na nauyi, abin da babu ɗan Adam da zai iya zama cikin hayyacinsa a ciki. Ba kyamara ce ta jawo wannan ba, kada a ce na ce. Na kawo shi ne don ku ga girman abin da ya lalace, ɗan marfi da 'yan notuka, da girman abin da ya biyo baya.

To ina ake sa ta kenan? Wurin da aka fi amfani da shi shi ne can ƙololuwar fiffiken tsaye, ɓangaren da ba ya motsi. A jiragen RV akwai wata hula ta faiba da ke rufe saman. Ita hular ba don ɗaukar kaya aka yi ta ba, saboda haka masu aiki da kyau ba sa dogara da ita. Suna sa farantin alminiyam ta ciki, su ɗaure shi da haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙasa, noti ya ratsa, sannan mariƙin kyamarar ya zauna a kai. Wasu ma sukan yanka taga a gaban hular su cusa kyamarar ciki gaba ɗaya, idonta kawai ke leƙowa. Wannan ya fi burge ni, don iska ba ta samun abin kamawa, kuma ko wani abu ya saki kyamarar tana cikin akwati. Ko a nan ma akwai abin lura guda biyu. Hannun dalmar ƙyauren tsaye a daidai bayan hular nan yake wucewa in an taka feda, tazarar 'yar kaɗan ce, saboda haka kan noti ɗaya da ya leƙo zai iya tokare shi. Na biyu, nauyi a ƙarshen fiffike ko da ba ya motsi yana sauya yadda fiffiken ke kaɗawa, kamar yadda rula ke sauya rawa in ka manna mata tsabar kuɗi a baki. Dalilin kenan da ya sa ake son kyamarar ta zama mara nauyi iya yiwuwa. Hukumar jiragen sama ta Ingila, a jagorar da ta fitar kan ɗaura ƙananan kyamarori, giram 250 ta sa a matsayin iyaka, har da mariƙin.

Wuri na biyu shi ne ƙarƙashin jela, inda akwai wani zobe da ake ɗaure jirgi da igiya in an ajiye shi a fili. Zoben nan dama an yi shi da ƙarfi, sai a kwance shi a ɗaura mariƙi a raminsa. Daga nan ana samun hoton cikin jirgi da tayoyi suna taɓa titi, wanda masu koyon sauka ke so. Illarsa ita ce mai da hayaƙin inji duk ta ƙarƙashi suke bi, ga tsakuwa da tayoyi ke watsowa, sai ka dawo ka tarar gilashin ya yi dumu-dumu.

Robar nan mai zuƙar iska da ake manna wa gilashin mota fa? A waje dai a'a. Abin da ke riƙe ta shi ne nauyin iskar da ke danna ta daga waje, kuma iska tana raguwa in ana hawa. A tsayin mita 3,000 abin da ya rage kusan kashi 70 cikin ɗari ne na wanda ke bakin teku, ga sanyi yana busar da robar, don kowane mita 1,000 zafi na sauka da wajen digiri shida da rabi. A 2014 FAA ta fitar da wata takarda inda ta ce ba ta goyon bayan irin wannan mannawar ta wucin gadi a wajen jirgi, kuma in abin ya ɓalle ya yi ɓarna, matuƙi ne zai amsa tambaya. Kyamarar da ta faɗo daga sama ai dutse ce ga wanda ke ƙasa.

Sai mutum ya ce to a ɗaura mata igiyar tsaro mana, in ta ɓalle ta rataya. Nan akwai saɓani tsakanin masu harkar, kuma na fahimci kowane ɓangare. Igiya tana hana ta faɗa wa wani. Amma ka yi tunanin kyamara a ƙarshen igiya mai tsawon taku ɗaya, iskar kilomita 300 tana wulwula ta, tana dukan ƙyaure, ko igiyar ta shige tsakanin fiffike da ƙyaure ta maƙale. Matuƙin yana can gaba, mita huɗu tsakaninsu, ba ya ganin ta balle ya kai hannu. A ganina in za a sa igiya, ta zama ta waya, gajeriya ƙwarai, yadda ko an ja ta iya tsawonta ta kowace fuska ba za ta kai ga wani abu mai motsi ba. In wurin bai ba da wannan damar ba, wurin ne bai dace ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ake mantawa. A gefen jikin jirgi ta baya akwai 'yan ramuka da ke auna nauyin iska, daga su agogon tsayi da na gudu ke samun labari. Ka sa wani abu a gabansu ya dama iskar, agogo ya fara yi maka ƙarya. Haka kuma masu haɗa jirgi da yawa a cikin jela suke ajiye na'urar kamfas, don ta yi nesa da ƙarafan inji, to mariƙi mai maganaɗisu ko notin baƙin ƙarfe kusa da ita zai karkatar da ita. Wasu kyamarorin kuma suna sa ƙara a rediyon jirgi in suna kusa da eriya.

Mu dawo kan hoton kansa. Kwanakin baya na ɗaura wayata a kan babur ina so in ɗauki hanyar unguwarmu. Da na dawo na kunna, sai na ga gidaje da turakun wuta suna lanƙwashewa suna rawa kamar ana kallon su ta cikin ruwa, kuma kafin in iso gida mariƙin ya saki har wayar ta sunkuya tana ɗaukar taya. Abin da ke jawo rawar shi ne irin waɗannan kyamarori ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Layi-layi suke karantawa daga sama zuwa ƙasa cikin sauri. In kyamarar ta girgiza tsakanin layin farko da na ƙarshe, kowane layi ya kama duniya a wani wuri daban. A jirgi abin ya fi muni. Injin Lycoming mai silinda huɗu, irin wanda aka fi sa wa RV, yana juya 2,400 a minti, wato sau 40 a daƙiƙa. Farfela mai reshe biyu kenan tana bugun iska sau 80 a daƙiƙa, kuma iskar da take turowa kai tsaye jela take zuwa.

Shi ya sa za ka ga a wasu bidiyoyin farfela ta koma wasu lanƙwasassun baƙaƙen layuka kamar ayaba suna yawo a iska. Maganin wannan mai sauƙi ne, baƙin gilashi ake sa wa idon kyamarar, kamar tabarau. Haske ya ragu, dole kyamarar ta daɗe idonta a buɗe kafin ta ƙifta, farfelar sai ta narke ta zama faifai mai hazo kamar yadda idon mutum ke ganin ta, rawar ma ta ragu. Ita kuwa girgiza, abin da mutane ke fara yi shi ne su sa roba mai laushi a ƙarƙashi, kuma sau da yawa sai abin ya ƙaru, don kyamarar ta samu abin lilo. Gajeren mariƙi na ƙarfe, mara gaɓoɓi da yawa, a ɗaure tamau, yawanci ya fi. In kuma har yanzu tana rawa, wani lokacin farfelar ce ke buƙatar a daidaita ta, kyamarar ta tona asiri ne kawai.

Bayan an gama ɗaurawa ba tashi ake yi kai tsaye ba. Za a kama kyamarar da hannu a ja ta gaba, baya, gefe, da ƙarfin da ya ninka wanda aka lissafa. Wani ya zauna a ciki ya taka feda har ƙarshe dama da hagu, ya ja sanda har ƙarshe, wani yana baya yana kallon tazara. A tayar da inji a ƙasa a duba ko wani abu na kaɗawa. Tashin farko shi kaɗai, ba fasinja, nesa da gidajen mutane, a ƙaramin gudu, a sauko a duba notuka da fentin da ke kewaye ko ya tsage. Sannan a riƙa ƙara gudun kaɗan-kaɗan a tashi na gaba. A dokar Amurka, sabon jirgin gida sai ya yi gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja, kuma in daga baya aka yi masa babban sauyi, sai ya koma gwaji na aƙalla awa 5. Ko ƙaramar kyamara ta kai a kira ta babban sauyi, wannan ya danganta da inda aka sa ta da yadda aka sa ta, kuma maginin ne zai fara yanke hukunci. Ni shawarar da na fi yarda da ita ita ce a tambayi wanda ya zana jirgin kafin a huda komai a jela.

Saura matuƙin. Ranar 31 ga Mayu 2014 wani ƙaramin jirgi Cessna 150 ya faɗi da dare kusa da Watkins a jihar Colorado, mutum biyu suka rasu. An tsinci GoPro a wurin, kuma bidiyon tashin da suka gabata ya nuna matuƙin da fasinjojinsa suna ɗaukar kansu hoto da waya, har da filasha. NTSB ta ce akwai yiwuwar hakan ya taimaka wajen ɗauke masa hankali har ya rikice. Ta wannan fuskar kyamarar jela tana da wani alheri, hannu ba ya kai gare ta. Ana kunna ta ne tun a ƙasa lokacin zagayen duba jirgi, kafin a tayar da inji, a sa mata kati mai faɗi da cikakken batir, a manta da ita. Matsalar tana dawowa ne in mutum ya haɗa ta da waya yana leƙa allo a sama ko hoton ya daidaita. In batir ya mutu saboda sanyi, ya mutu, gobe ma rana ce.

Akwai kuma wanda kyamarar ce ma ke tuƙa shi. Wasunku za su tuna Trevor Jacob, ɗan YouTube ɗin nan da a Nuwamba 2021 ya yi tsalle da laima ya bar jirginsa ya faɗa duwatsun California, yana cewa inji ne ya mutu. Cikin hujjojin da FAA ta kawo lokacin da ta ƙwace lasisinsa har da kyamarorin da ya ɗaura a wajen jirgin kafin ya tashi, ɗaya tana kallon farfela. A Disamba 2023 kotu ta yanke masa wata shida a gidan yari saboda ya kwashe tarkacen jirgin ya lalata don hana bincike.

To ƙanina na Zariya, ka koma ka sake kallon bidiyon da ka turo min. Dubi ƙasan hoton, za ka ga bayan jirgin ya miƙe daga ƙarƙashinka zuwa gaba, daidai tsakiya, alamar kyamarar a ƙololuwar fiffiken tsaye take. Dubi lokacin da ya karya kwana, jirgin bai motsa a cikin hoton ba, ƙasa ce ta karkata, wato a ɓangaren da ba ya motsi aka kafe ta. Farfelar kuma faifai ce mai hazo, ka san ya sa baƙin gilashi.

Nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ya ajiye mana, ina karantawa ko ban amsa nan take ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.